Kazar da Ta Tsallake Labule

Tsakiyar damina ce, irin wadda shanya ke kwana uku a igiya ba ta bushe ba. Shekarar kuwa ta layi ce: layin madara, layin sabulu, layin sukari. Har ta kai idan mutum ya ga mata uku a tsaye a bakin Babbar Kasuwa, sai ya bi bayansu tukuna, daga baya ya tambayi abin da ake rabawa. Kowa a Abakpa ya ɗan rame, har kajin unguwa. A wannan shekarar ne Allah ya yi wa maigidana ƙarin girma a ma'aikatarsu, ya kai matakin da idan za a tura shi taro Legas sai a jirgin sama, kuma a kujerun gaba, wurin da suke kira bizines kilas.

Shekara ashirin ina yi wa mutumin nan guzuri. Tun yana bin jirgin ƙasa, har ya koma motar ofis, bai taɓa fita garin Kaduna ba kaza soyayya a jakarsa ba. Yana da olsa, likita ya ce kada ya yarda ya zauna da yunwa, kada kuma ya kusanci barkono. Don haka na koyi suyar da ba yaji: citta kaɗan, tafarnuwa, albasa, sai in bar ta ta tsotse a wuta har ta yi kwana biyu ba ta canza ba. Ban iya Turanci ba, karatuna na ajin yaƙi da jahilci ne, amma cikin mutumin nan na haddace shi tun daga bango har bango.

Tafiyarsa ta farko a jirgin sama, na miƙa masa ƙunshinsa kamar kullum, sai ya ja baya kamar na miƙo masa kunama.

“Haba uwargida. A bizines kilas? In shiga cikin manyan mutane ina warin man gyaɗa?”

“To me za ka ci, Malam?”

“Can ciyar da mu ake yi. Da faranti. Da wuƙa da cokali mai yatsu.”

Na ce to, Allah ya kiyaye hanya. Yara suka cinye kazar, suka yi wa jirgin sama addu'ar alheri.

Daga nan gidanmu ya shiga wani zamani. Duk dawowa sai labarin abincin jirgi. Wai burodinsu ba irin namu ba ne. Wai har ƙyallen goge baki suna bayarwa, fari fat, an goge shi da dutsen guga. In na kawo tuwo sai ya dube shi ya ce, “Su fa can komai ɗan kaɗan ne, cikin tsari.” Abin da ban gane ba shi ne, mutumin da aka ciyar cikin tsari, me ya sa yake shigowa gida yana dafe da ciki, ya wuce ni a tsakar gida ko gaisuwa ba mu gama ba, ya buɗe tukunya da kansa? Na tambaye shi sau ɗaya, ya ce iskar sama ce take sa yunwa. Na ce Allah sarki. Amma ina ganin kwalbar farin maganin nan na olsa tana ƙarewa da wuri fiye da da, ni nake wanke cokalin.

Sai babbar 'yarmu da ke aure a Legas ta haihu, ya kama in je in zauna mata. Ya zo daidai da wani taronsu, Malam ya ce tare za mu tafi, kuma a gaba zan zauna kusa da shi, in ga duniya. Maƙwabciyarmu ma jirgin za ta bi. Malamar firamare ce, Kirista, mutuniyar kudancin Kaduna, katanga ɗaya ta raba mu shekara goma sha biyar. Da Sallah kwanona ke tsallakawa, da Kirsimeti nata. Ɗanta ne ya aiko mata da tikiti, na kujerun baya.

Da safe na soya kaji biyu. Na san an hana, amma hannu ya saba. Malam ya leƙo kicin ya gani.

“Wannan fa?”

“Ko da za a yi jinkiri.”

“Ba inda za ta. Kuma ki bar karin kumallon nan, ki bar wuri a cikinki. Ni ma ruwan shayi kawai zan sha. Yau za ki ci abin da ba ki taɓa ci ba.”

A nan dai bai yi ƙarya ba.

Na juye kajin a kula, na miƙa wa Malama ta kan katanga. Ta buɗe ta shinshina ta ce, “Maman 'yan biyu, mijinki ya ƙi wannan? A kai shi asibiti a duba masa kai, ba ciki ba.”

Muka bi ta Mando zuwa filin jirgi ana yayyafi. Jirgin ƙarfe tara ne. Ƙarfe tara ta zo ta wuce, ba ta same shi ba. Sha ɗaya ma haka. Muka yi azahar a filin jirgi. Mu manya an kai mu wani ɗaki na dabam mai kujerun kushin, inda yunwar take kama mutum a zaune cikin mutunci. Ta gilashi ina hango Malama a cikin jama'a, ta shimfiɗa zani a kan akwatinta, bakinta na motsi. A ɗakin namu muka haɗu da ogan Malam, wani babban mutum mai babbar riga shuɗiya, wanda idan ya yi tari Malam sai ya gyara zama. Wajen ƙarfe biyu na ga Malam ya fara kai hannu ƙasan ƙirjinsa yana saukewa, goshinsa ya yi gumi alhali ɗakin da sanyi. Na ce a hankali, “In je wurin Malama?” Ya harare ni, ya nuna ogan da ido.

Da muka shiga jirgin aka zaunar da mu a gaba, ni a jikin taga, Malam kusa da ni, oga a tsallaken hanya. Malama ta wuce mu da kularta tana cewa, “A sauka lafiya, manya. In kun riga mu isa ku gaida mutanen Legas.” Wata yarinya ma'aikaciyar jirgi, doguwa, mai Hausar Kaduna, ta ja labule ta raba mu da talakawa.

Tashin jirgin ban gan shi ba, idona a rufe yake ina salati. Da na buɗe, an ajiye mini wata takarda mai kauri, an rubuta sunan abincin da ruwan zinariya. Na fara haɗa baƙaƙen ɗaya bayan ɗaya yadda aka koya mana. Layi huɗu ne. Ban kai ƙarshen na farko ba abincin ya iso, sai na ga ashe sunan ya fi shi yawa.

Gaskiya a faɗe ta, farantin yana da kyau. Tangaran ne mai bakin shuɗi, ko a jeren amarya ba zai ji kunya ba. Wuƙar da cokalin suna da nauyi. Ƙyallen kuwa fari ne kamar yadda aka ba ni labari. A tsakiyar wannan daula aka kwantar da burodi yanka biyu masu kusurwa uku, kowanne bai kai tafin hannun jariri ba. Na ɗaga na sama don mu gaisa da na ciki. Ganyen latas ne guda ɗaya, ya yi laushi, da alama shi ma tun ƙarfe tara yake jira. A ƙarƙashinsa akwai nama, an yanka shi da irin ƙwarewar da ban taɓa gani ba, domin da na ɗaga shi sai na hango gajimare ta cikinsa. Gefe guda ga wani ƙullin fulawa mai sanyi, na fasa shi ina neman abin da aka ɓoye, na sami dankali ƙwaya biyu da iska. Sai ruwan lemo a ɗan kofin da a gida da shi nake auna wa yara maganin tari.

Na dubi Malam. Ya shimfiɗa ƙyallensa a cinya, ya kama wuƙa da dama, cokali da hagu, yana yanka burodin nan a hankali kamar mai fiɗar rago. Loma uku ya yi, aiki ya ƙare. Ya goge bakin da bai taɓa maiƙo ba.

“Kin gani ko?” in ji shi.

“Na gani, Malam. Sai yaushe za a kawo abincin?”

“Yi a hankali mana.”

Na tura masa nawa, ya ture, don oga na kallo. Hannunsa kuwa ya koma ƙasan ƙirji.

Ni dai ban iya cin abu maƙwabciyata na bayan labule ban san ko an ba ta ba. Shekara goma sha biyar ba mu taɓa yin haka ba, ba kuma don an ɗaga mu sama za mu fara ba. Na rufe farantin da ƙyallen, na kwance ɗamarar kujera, na miƙe.

“Ina za ki?”

“In kai wa Malama.”

“Uwargida, zauna. Don Allah zauna.”

Na riga na tsallake ƙafarsa. A bakin labule yarinyar jirgi ta tare ni.

“Mama, ba a wucewa da faranti baya.”

“'Yata, maƙwabciyata ce. Yanzu zan dawo miki da shi, ba zan fasa ba.”

Ta dube ni, ta dubi farantin, ta ɗage mini labulen da kanta.

Abin da na fara ji ƙanshin suyata ne. Malama ta buɗe kula a cinya, layi uku na kujeru kowa da tsoka a hannu, wani soja yana tsotsar ƙashi, wata Bayarabiya tana tambayar yadda aka yi ta yi laushi haka. Na ce, “Malama, ga ɗan abin da aka ba mu, ki taɓa.” Ta ɗaga ƙyallen. Sai ta jawo wani ɗan kwali daga aljihun kujera ta buɗe mini. Burodi yanka biyu masu kusurwa uku. Ƙullin fulawa. Har latas ɗin, ina jin daga ganye ɗaya aka raba mana.

“Maman 'yan biyu,” in ji ta, “ashe faranti kuka hau jirgi ku ci?”

Dariya ta kama layin nan har sojan ya ƙware. Na ce ta dai karɓa, kyauta ba ta ƙanƙanta. Ta karɓa, ta juye a kwalinta, na miƙa hannu in ɗauki farantin sai ta riƙe.

“Tsaya. Yaushe na taɓa mayar miki da kwano haka nan?”

Ta zaɓo cinyoyi biyu da ƙirji da ƙundu, ta tula a tangaran ɗin, ta rufe da farin ƙyallen. Nan take mai ya fito ta samansa.

Na dawo na ajiye a gaban Malam, na zauna, na ɗaura ɗamarata, na juya ina kallon gajimare. Ban ce ci ba. Can na ji an ajiye wuƙa da cokali a gefe. Da na saci kallo, mutumin bizines kilas ya kama cinya da hannu biyu.

Ya tauna sau biyu ya tsaya. “Wannan ai...”

“Ta jirgi ce, Malam. A baya ake rabawa.”

Ƙanshi bai san labule ba, bai san girma ba. Oga ya sauke jarida, ya leƙo, ya danna ƙararrawa. Yarinyar ta zo.

“Ke, me ya sa aka ba shi kaza ni ba a ba ni ba?”

“Ranka ya daɗe, ba tamu ba ce. Ta Mama ce.”

Malam ya daskare da ƙashi a hannu. Na ga kunnuwansa sun yi zafi, na san yana ganin ƙarin girman nan yana fita ta taga. Ni kuwa na ɗauki ɗayar cinyar da ƙundun na ɗora a ƙaramin farantin shayi, na miƙa ta gabansa na ce, “Bismillah, ranka ya daɗe. Ba yaji.”

Babban mutum ya naɗe hannun riga. Ya ci har sai da ya ga ƙashi. Sannan ya ce, “Hajiya, Allah ya yi albarka. Shekara shida ina bin jirgin nan, yau na fara cin abinci a cikinsa.” Ya juya ga Malam. “Kai kuma kana da wannan a gida kake barinmu muna cin ganye?”

“Ai... mantawa nake yi, ranka ya daɗe.”

“To ka daina mantawa.”

Ba a jima ba aka ce a ɗaura ɗamara za mu sauka. Yarinyar ta zo kwashe kaya, na ba ta haƙuri a kan ƙyallen, na ce in da sabulu da na wanke mata. Ta ce ba komai, Mama, ta sunkuyo ta tambaya ko akwai saura a baya.

A mota zuwa gidan 'yarmu hannun Malam na kan gwiwa, bai koma ƙirji ba. Ni zan yi kwana arba'in, shi jibi zai koma Kaduna a kujerarsa ta gaba. Sai da muka kusa, yana kallon titi, ya ce, “Kin ji dai abin da oga ya ce. Ba don ni ba. Kin san halin manya.”

“Na sani, Malam.”

“Kuma ba a kula ba. A samu abin da zai shiga jakar ofis, a ƙarƙashin fayil.”

Washegari, bayan na yi wa jaririya wanka na ɗora wa mai jego ruwa, na sa mijin 'yata ya kai ni inda Hausawa ke sayar da kaji. Na zaɓi biyu masu tsoka, aka yanka aka fige. Na soya su ba yaji, na bar su suka tsotse, na wanke gwangwanayen madara biyu na shanya. Na cika ɗaya na oga. Ɗayan na fi danna shi, na sa ƙundun duka biyu a ciki, na rufe.