Labulen da Ya Rufe Kafin Lokaci

A gidan wasan kwaikwayon nan babu mai kiransa da sunan yanka, Mai Labule kawai ake ce masa. Mazauninsa yana gefen dandamali, kan wata kujerar katako mai ɗingishi, igiya a hannu, tafinsa duk ya yi kanta. Yayansa ne ya kawo shi tun yana saurayi. Yayan ya zama ɗan wasan da ake cika zaure dominsa, shi kuwa ya tsufa a bayan ƙyalle, kuma ko a jikinsa.

Aibinsa ɗaya ne, bai iya sakaya gaskiya ba. In 'yar wasa ta ce, "Baba, yaya na yi?" sai ya ce, "Kukan naki irin na mai yanka albasa ne." Har tsofaffin wasannin da suke yi bai ƙyale ba. Akwai wanda baiwa take yi wa uwargijiyarta ƙarya don kada baƙin ciki ya kashe ta. 'Yan kallo suna share hawaye, shi yana tsaki a bayan labule, wai ƙarya ƙarya ce ko an yi mata kwalliya.

To, sai shekaru suka cim ma Yaya. Mantuwa ta fara da makulli, ta kai ga sunayen jikoki. Kowa ya lura, ban da shi. Mutumin nan kuwa ba shi da abin tinƙaho a duniya kamar cewa bai taɓa manta kalma ɗaya a kan dandamali ba, in aka raba shi da wannan an gama da shi. Shugaban ƙungiya ya lallaɓa shi ya yarda wasan wani yammaci ya zama na bankwana.

Ana tsakiyar jawabin uba ga 'ya'yansa, Yaya ya ɗaga hannu, ya buɗe baki, shiru. Mai Labule ya hango idonsa yana yawo kamar na yaron da ya ɓata a kasuwa. Tausayi ya kama shi. Kafin 'yan kallo su farga ya finciki igiya, labule ya rufe ruf.

Yaya ya tako gefe a hankali. Ya yi ƙasa da murya ya ce, "Kai da ba ka ƙarya, gaya mini. Ni ne na kakare?"

"Kai kuma, Yaya? Numfashi ka tsaya ja, kowa ya gani. Hannuna ne ya zame."

Sai ga Yaya ya miƙe, ya dawo hayyacinsa. Ya wanke ƙanensa tas a gaban jama'a, da sakarai da mai hannun rogo, babu wanda bai kira shi ba. Mai Labule ya sunkuyar da furfurarsa ya shanye, cikinsa fal farin ciki.

Yanzu Yaya yana gida, wani lokaci ko matarsa ba ya ganewa. Mai Labule yakan biya bayan aiki ya yi masa aski, ya yanke masa farce. In baƙo ya shigo, Yaya yakan nuna shi da haɓa.

"Ka ga wannan? Shi ya ɓata mini wasana na ƙarshe. Da ya bar ni, da na ƙarasa."

"Da ka ƙarasa mana, Yaya," in ji Mai Labule. "Miƙo ɗaya hannun."