Ranar da Dada Ta Kira Sunan Ɗiyarta

Duk Yashe babu wanda bai san Hadijatu mai daddawa ba, wadda yaro da babba ke ce wa Dada. Mace ce mai baki, wallahi. In ta buɗe shi a kasuwar Kankiya, mai gardama sai ya nemi hanyar gida. Amma akwai kalma ɗaya da bakin nan bai taɓa furtawa ba, sunan ɗiyarta ta fari, Ummusalma. Alkunyar ɗan fari ce irin ta mutanen da, wurin uwarta ta gada, ta kuma riƙe ta gam. Sai dai ta ce "waccan", ko "yayar Badaru". Ko ranar da aka kai Salma gidan miji a Maraɗi, Dada tana bayan ɗaki tana tsince kalwa. Da aka ga idonta ya yi ja, cewa ta yi hayaƙi ne.

Maraɗi a wurin Dada ba wata ƙasa ba ce, gida ne da ya ɗan yi nisa. Siyasar duniya kuwa ba ruwanta. Mijinta Malam Rufa'i ne mai manne rediyo a kunne, yau Iraƙi, gobe Libiya, jibi Sudan. Sai ta ce, "Malam, ka bar bayin Allah su huta, tuwo na hucewa."

Bayan shekaru ana jira, Allah ya ba Salma ciki. Haihuwar fari kuwa a ɗakin uwa ake yin ta, nan za a yi wankan jego har arba'in. Dada ta tara itace ya kusa kai katanga, ta sayo kanwa, ta wanke babbar tukunya. In an tambaya ta ce baƙuwa za ta yi.

Ana cikin haka, da damina, sojoji suka karɓe mulki a Nijar. Aka rufe iyaka, aka yanke musu wutar lantarki. Da Bishir, mijin Salma, ya bugo waya yana cewa ko a bari ta haihu a can, Dada ta taso masa.

"Mi? Iyakar banza! A gidana za a haihu. In babu mota ai akwai babur, masu shinkafa ta ina suke bi?"

Bishir ya ce to, don ba ya iya musu da suruka.

Sati bai zagayo ba rediyo ya canza magana. Ƙasashen yankin sun ce za su tura sojoji, ana ta raɗe-raɗin Faransa na bayansu. Malam Rufa'i ya girgiza kai ya ce haka aka fara a Libiya. Wannan karon Dada ba ta ambaci tuwo ba. Jawo kujera ta yi ta zauna kusa da rediyon, don Badaru ɗanta soja ne.

Washegari da hantsi Badaru ya kira, murya ƙasa-ƙasa.

"Dada, an ce mu zauna cikin shiri, ban san inda za a kai mu ba. Don Allah ki hana Yaya biyo hanyar daji. Kowa a tsorace yake, hannu a kan bindiga. Ga ɓarayin daji kuma."

Innalillahi! Ita da bakinta ta ce a bi dajin nan.

Aka kira wayar Salma, a kashe. Ta Bishir ma a kashe. Garin da babu wuta, ina za a yi caji? Dada ta daina zuwa kasuwa, kalwa ta lalace a tukunya ba ta ko leƙa ba. Duk babur ɗin da ya wuce ƙofar gida sai ta miƙe. Tsoro take ji irin wanda ba ta taɓa ji ba, amma ko a addu'a "waccan" take cewa, tana mai yaƙinin Allah ya san wadda take nufi.

Ran Juma'a bayan an sauko masallaci, maƙwabta sun cika tsakar gida, Malam ya sake gwada wayar Salma. Sai ga shi ta shiga. Dada ta fizge wayar daga hannunsa.

"Salma! Ummusalma! Kar ki zo, kin ji ko? Ki zauna inda kike, Salma!"

Matan tsakar gida suka kalli juna, wata har ta dafe baki. Can cikin wayar kuwa sai hucin iska da rugugin inji. Sannan muryar Salma ta fito, muryar wadda tun da aka haife ta ba ta taɓa jin sunanta a bakin uwarta ba.

"Dada... wa ya rasu?"

Dada ta buɗe baki za ta ce ba kowa, sai ta gane rugugin nan na babur ne. Wayar ta katse. Ta ci gaba da kiran sunan, kuma babu wanda ya iya karɓar wayar daga hannunta.