Rijiyar Da Baba Sheshi Ya Bari A Gaba Tara

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Ranar Talata, 12 ga Maris, 2013, bayan sallar Azahar, ɗanka Ndaceko ya yi sallama a ƙofar gidana a unguwar Barkin Sale, nan Minna, ya ce Baba Sheshi mai haƙar rijiya ya cika. Zazzaɓin kwana biyu ne kawai. Na tsaya ina kallonsa kamar wawa, har na tambaye shi ko dai wani Sheshin yake nufi, domin igiyarka tana nan ɗaure a bakin ramin da ka bari a tsakar gidana.

Baba, shekara talatin da wani abu ke nan da ka baro Bida, kuma da wuya a sami layi a unguwar nan da ba a shan ruwan hannunka. Kai kake yashe rijiyar masallaci duk bazara, ba wanda ya taɓa aika maka. Ranar da akuyar Magdalina maƙwabciyarmu ta faɗa rijiya, maza sun cika bakin rami kowa na ba da shawara, kai kuwa ka tuɓe riga ka shiga, ka fito da ita a kafaɗa tana harbinka. In an yi rasuwa, kai ne na farko a maƙabarta da digarka, kuma ba ka jiran godiya.

Ka sha yi mini tsiya don ni malamin Turanci ne. Wata rana ka tambaye ni yadda Turawa suke kiran aikinka. Na ce kalma ɗaya ce da su, da ita suke haƙa rijiya, da ita suke haƙa kabari, da ita suke tonon doya, har mai bin diddigin magana ita suke ba shi. Ka yi dariya har da riƙe ciki, ka ce da irin Hausarka ta mutumin Bida, "Malam, mutanen nan bai taba shiga rami ba. Hannun da yana neman ruwa daban, hannun da yana binne mutum daban." 

To ga ni yau a ruɗe. Da famfo ya daina zuwa layinmu, matata Salamatu ta shiga ɗauko ruwa daga nesa har bayanta ya fara ciwo, na kira ka. Ka zagaya gidan ba takalmi, ka nuna kusa da bishiyar mangwaro, wurin da kowa ya ce dutse ne. Ka haƙa gaba tara, ka tarar da dutsen. Maimakon ka fasa shi ko ka canza wuri, sai ka karɓi tasar Salamatu, ka sauka ka kife ta a ƙasan ramin, ka fito ka ce, "A bar shi ya huta kwana bakwai. In na dawo, zan gaya maka." A kwana na biyar ka tafi.

Me za ka gaya mini, Baba? Na tambayi Ndaceko, ya ce shi direba ne, bai gaji sana'ar ba. Ranar da kwana bakwai suka cika na nemo Kudu, tsohon abokin aikinka, ya sauka ya ɗaga tasar, ya tarar cikinta ya yi raɓa. Ya ce a ganinsa ruwa na kusa, amma bai taɓa jin ka faɗi ma'anar abin ba, don kai ba ka bayani sai aiki ya ƙare. Wani mahaƙi daga Gwada ya ce kowace tasa aka kife a rami sai ta yi gumi, in cike ramin kafin damina ta rufta da shi har da katangata. Salamatu kuwa sai ta ɗauki bokiti ta fita. Wallahi har haushinka na ji, sannan na ji kunyar haushin.

Jiya na koma gaisuwa wurin Inna Zuliha, matarka. Ban yi niyyar ɗauko zancen rijiya a gidan makoki ba, ita ce ta ɗauko. Ta ce ran da zazzaɓi ya kama ka, ka sa ta wanke maka ɗan kofinka na silba, ka ce na gidan Malam ne. Ta ce duk rijiyar da ka haƙa, kai kake fara shan ruwanta kafin masu gida, don in akwai cuta a ciki ta fara da kai. Ta miƙo mini kofin a wanke.

Ban fahimci tasar ba har yanzu, amma gobe Kudu zai shiga da diga ya fasa dutsen. In ruwa ya fito, ban san wa zan miƙa wa kofin ba.

Allah Ya jiƙan ka, Baba Sheshi, Ya yafe maka kurakuranka, Ya yalwata kabarinka, Ya shayar da kai daga Alkausara kamar yadda ka shayar da mu. Ga Inna Zuliha da Ndaceko da sauran iyali a nan Minna da Bida, Allah Ya ba ku haƙurin rashi. Idan tamu ta zo, Allah Ya sa mu cika da imani.