Ranar da Kawu Ya Rufe Injinan da Shadda

Na bar lakwal, makarantar boko, tun ina sanƙiyem, aji biyu na sakandare. Na yi gareji na gudu, na yi tallan katin waya a bakin titi na gaji. Sai kawuna, mai sayar da yadin Kano a kasuwa, ya sayo tsofaffin ordinata, wato kwamfuta, guda uku, ya kama ɗaki a bakin layinmu na Zongo, ya ce ga siber nan, shagon shiga intanet, in riƙe. Da zai ba ni makulli ya ce, "In wannan ma ka watsar, Kossodo za ka, kamfanin fatu. Na riga na yi magana da mutum." Na san warin wurin. Ko a moto ka wuce sai ya bi ka gida.

Akwai wani ɗalibin iniversite, wato jami'a, da ke zuwa daga unguwar Zogona, don namu ya fi sauƙi. Muna ce masa dokta, ko da yake ko allura bai iya ba. Wata rana ya ga injinan zaune ba kowa, ya ce, "Abokina, kana ɓarnar kai uku."

"Kai dai biya naka ka tashi, dokta."

Ya ce in tsaya in ji. Wai masana sun karance gadon halittar ƙwayar palu kaf, zazzaɓin sauro ke nan, sun zuba shi a ordinata. A jikin ƙwayar akwai wani gurbi, in aka sami abin da ya toshe shi daidai, ta mutu. Maimakon a yi ta haɗa magunguna a kwalba, sai inji ya riƙa gwada siffarsu ɗaya bayan ɗaya.

"Kamar mai hula," in ji shi. "Kai ɗaya ne, huluna rumbu guda. Inji ɗaya ba zai gama ba, shi ya sa ake raba wa injinan mutane ko'ina a duniya."

"To in nawa ya samo, wa zai san daga Zongo ne?"

"Sauro zai sani."

Na yarda ya sa abin. In ba kowa a kujera, sai ka ga wasu ƙwallaye masu launi suna juyawa a allo, in akwai koneksiyon intanet inji ya aika abin da ya gama, ya karɓo sabo. Ni da ban iya zama wuri ɗaya, sai ga ni ina kallon ƙwallaye har shayi ya huce. Ban gaya wa Kawu ba. Ban ga ta inda zan fara ba.

Wata Juma'a a tsakiyar bazara, zafin da ke narkar da kwalta, na kashe alluna kawai, na bar injinan suna aiki da bantilata, wato fanka, a kansu, na tafi masallaci. Daga can na bi abokai cin shinkafa.

Kawu yana da nasa makullin. A gidanmu duk abin da aka saya da tsada rufe shi ake: talabijin, rediyo, keken ɗinki, kowanne da mayafinsa. Ya leƙo ya ga allo baƙi, ya ga kayansa tsirara, bantilata kuma tana ta shan kuran, wutar lantarki, a banza. Ya kashe ta. Ya aika aka kawo ragowar shadda mai kauri daga shago, ya lulluɓe kowanne har ƙasa, ya cusa gefen kamar mai shimfiɗa gado, ya ja ƙofa.

Da la'asar na buɗe, wari ya tare ni, irin na roba a murhu. Biyu sun kashe kansu sun tsira. Na tsakiya, wanda ya fi sauri, ko ƙyaftawa.

Kawu ya zo yana gyara hula. "Ka ga yadda ake adana kaya?"

"Kawu, a kunne suke."

"A kunne? Allon baƙi ƙirin?"

Na ɗaga shaddar na ce ya taɓa. Ya taɓa ya janye hannu. Ya zauna a kujerar kwastoma, ya ce in faɗa masa abin da inji ke yi ranar Juma'a ba mutum a gabansa. Na yi masa bayanin hula, na ɓata rabi, na haɗa da Faransanci inda Hausa ta ƙare mini. Ina magana ina jin warin Kossodo a hanci.

"Wa ke biya?"

"Ba kowa."

"Ya samo maganin?"

"Bai samo ba tukuna."

Ya kalli mataccen injin. Sai ya ce, "Ban da rashin hankali irin naka, ana sa bawan Allah aiki ba a gaya wa mai gida?" Ya naɗe shaddarsa da kansa, ninki a kan ninki, ya saɓa a kafaɗa. A bakin ƙofa ya juyo.

"Biyun nan su ci gaba, sadaka ce, palu ba gidan da bai shiga ba. Wancan kuma kai ka san yadda za ka yi ya tashi. Kada ka zo mini shago da maganarsa."

Bai karɓi makullin ba. Washegari na ɗaure injin a bayan moto da igiyar roba, na nufi Zogona neman dokta ya nuna mini mai gyara.