Amurkar Yaya Nura

Ranar Asabar ɗin da ta biyo bayan babbar sallah, a shekarar da na cika tara, Umma ta aike mu ni da yayana Nura mu kai kular tuwo shagon Baba a ginin Tianxiu, a birnin Guangzhou na ƙasar Sin. Tun asuba ake ruwa, irin na Guangzhou mai sa bango gumi. Muka tarar da baƙo zaune a kan dilar atamfa, baƙin mutum dogo, takalminsa ya jiƙe sharkaf. Baba ya ce sunansa Malam Dawud, Ba'amurke ne, Turanci yake koyarwa a wata makaranta bayan layinmu. Saura kaɗan Nura ya saki kular.

A unguwar Xiaobei muka tashi, a gida mai ɗaki biyu can saman bene, inda Umma ke tuƙa tuwo tana sayar wa 'yan kasuwar Kano da na Maraɗi da suka gaji da taliyar 'yan Sin. Aikina wanke kuloli da gyaran kuɓewa, na Nura kuwa liƙe kwalayen kaya da rubuta sunan mai su. In mun taso daga makaranta sai mu yi ɓuya cikin kwalayen da aka zazzage, ko carafke da marafen kwalba, mai gadi na korar mu yana "meyo, meyo", wato "babu, babu" da Sinanci. Amma kowane wasa muka fara, sai Nura ya karkata shi zuwa Amurka. Kwali ya zama jirgi, shi ne matuƙi, ni fasinja. "Can ko mai shara da gidansa da motarsa," in ji shi.

Malam Dawud ya saba da tuwon Umma, ya riƙa gyara mana Turanci a shago. Wata rana Nura ya tambaye shi me ya rabo shi da ƙasarsa. Malam Dawud ya ce, "Mahaifina a masana'anta ya yi aiki, da albashinsa shi kaɗai ya sayi gida ya rene mu. Ni na yi digiri, na haɗa aiki biyu. Matata ta kwanta asibiti, gidanmu ya tafi, ita ma ta tafi." A hanyar gida Nura ya ce da ni, "Rago ne kawai." Na yarda, don a lokacin duk abin da Yaya ya faɗa gaskiya ne.

Da Nura ya gama sakandare, Baba ya sayar da shagon ya tura shi karatu Amurka, su kuma suka koma Kano shi da Umma. Karatun ya fi ƙarfin shagon, Nura bai kai ƙarshe ba. Yau abinci yake kai wa mutane gida-gida da mota, a cikinta kuma yake kwana. Ƙafarsa ta kumbura tun bara, bai ga likita ba. Ya ce a filin da yake ajiye motar, yawancin masu kwana 'yan ƙasar ne haifaffu, har da wata dattijuwa mai goge haƙora a bakin taya kafin ta wuce aiki.

Ni na zauna nan Guangzhou ina yi wa 'yan kasuwa tafinta, ina raka kayansu tashar jiragen ruwa ta Nansha. Masu zuwa sun ragu, shaguna da dama a rufe suke. Makon jiya Nura ya kira, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Hadiza, babu wani aiki a wurinku? Ko dako ne." Na ce zan tambaya. Ban iya gaya masa takardar zamana ta kusa ƙarewa ba, kuma ban san ko za a sabunta ba. Baba kuwa har yanzu in ya zauna a ƙofar gida, "ɗana na Amurka" yake cewa, mu kuma ba mu gaya masa halin da ake ciki ba.

Muna yara ba mu da komai, amma muna da inda za mu in mun girma. Yanzu 'yata kan tambaye ni wace ƙasa ce ta fi daɗi, sai in ce ta je ta yi wasa.