Libarbar da Vukota Ya Goge

Yayana Vukota bai fi ni komai ba sai shekara biyu, amma shekara biyun nan su suka ba shi libarbar Baba. A ƙauyenmu na Njegushi haka ake yi, bindiga ta babban ɗa ce. Ni kuwa aka ba ni tukunyar dafa madara, na karɓa ina murmushin yaƙe.

Libarba ce ta zamanin sarki, mai nauyi, ƙirar birnin Biyana. A samanta akwai kambin sarauta, a gefe kuma tuffa da kibiya ta soke, alamar maƙeranta. Ta jabu ba ta da tuffar nan. Tun ina yaro nake kallon tambarin a ɗamarar Baba har na haddace kowane zane.

Vukota makiyayi ne, tumaki da cuku kawai ya sani. Amma kowace Lahadi sai ya zauna a ƙofar gida, daidai inda zan gan shi, yana goge bindigar da toka da tsumma. A biki shi ke harba ta sama, mata su yi guɗa, ni ina gefe ina yanka nama.

"Yaya, a hankali dai, za ka cinye ta," nakan ce.

"Kai dai je ka goge tukunyarka," in ji shi.

Haka muka tsufa. Ran bikin waliyyin gidanmu, maƙwabcinmu Mashan ya sha giyar nan tamu da ake kira rakiya, ya ɗauki libarbar, ya jujjuya ta a gaban baƙi.

"Ina kambin? Ina tuffar? Vukota, ashe jabu ubanku ya bar maka."

Vukota ya karɓe ya duba. Ƙarfe sumul kamar cokali. Toka ta cinye tambarin kaf, shi kuma idonsa ya yi rauni, bai taɓa lura ba. Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Sai ya juyo gare ni.

"Punisha, ƙanena, faɗa musu."

Na tsoma yatsa a giyar na zana musu a kan tebur: kambin, tuffar, har inda kibiyar ta ɗan karkace. Tsofaffi suka gyaɗa kai. Wa zai yi musu da ni? Duk duniya ba wanda ya ƙura wa bindigar nan ido kamar ni.

Vukota bai sake goge ta ba. Da ya rasu cikin hunturu, 'yarsa Stanitsa ta kawo mini ita a nannaɗe.

"Baffa, ya ce taka ce, kai ka fi saninta."

Na shafa wurin da kambin yake, ban ji komai ba. Abin da na yi rayuwata ina so, hannunsa ya riga ya shanye. Har yau haushinsa nake ji, kuma ba shi nan balle in gaya masa.