Shirun da Na Yi wa Malam Istifanus

Ku yi mini afuwa da na ɗora muku dogon rubutu a cikin makon makoki. Waɗanda muka zauna aji ɗaya da su sun san ni ba mai yawan magana ba ce, kuma da akwai wata hanya da ban dame ku ba.

Ranar Litinin da hantsi ina ɗakin kati na ƙaramin asibitin haihuwa inda nake aiki, ina shigar da sunayen masu awo a kwamfuta, sai wayata ta yi ƙara. Mama Saratu ce, matar Malam Istifanus. Ba ta tsaya gaisuwa ba. Ta ce, "Malama Hajara, tichanku ya rasu." Ta ce da safe ya sha kunu, ya ce kansa yana sarawa, kafin a samo keke ya faɗi a tsakar gida. Na ce daga Allah muke kuma gare Shi za mu koma, na maimaita. Abin da ya fara zo mini ba kuka ba ne. Fushi ne, kuma har yau bai sauka ba.

Ga wanda bai san shi ba, Malam Istifanus mutumin Fadan Kagoma ne. Ya koyar da lissafi a sakandare har ya yi ritaya, sannan ya karɓi ɗakin kwamfuta na zauren unguwarmu a nan Kafanchan, ɗaki ɗaya da tsofaffin kwamfutoci takwas. Da farko buga rubutu yake koyarwa. Daga baya ya buɗe aji na gwajin tsaro, wato mutum ya koyi yadda ɓarawo ke shiga kwamfuta, don ya gano ƙofar da aka bari a buɗe ya rufe ta tun ɓarawon bai zo ba.

Abin da ya kai ni wurinsa shi ne wata safiya da kwamfutar asibitinmu ta kulle, katin mata masu ciki duk ya ɓace, muka koma tambayar kowace mace watanta nawa da kuma irin jininta. Na rantse ba za a sake ba. Amma da na ji abin da ake koyarwa a ajin sai na ja da baya. Ni makarantar allo na fara yi, kuma tun ina ƙarama aka koya mini ba a shiga gidan mutum sai da sallama da izini. Na gaya masa damuwata a fili. Ya saurare ni har na gama, sannan ya jawo wata takarda daga aljihun tebur ya miƙo mini. Takardar izini ce. Ya ce duk kwamfutar da za a gwada, sai mai ita ya sa hannu a nan, an rubuta abin da za a taɓa da abin da ba za a taɓa ba. Ya ce, "Malama, in ba takarda, ba aiki. Ko kwamfutan matana ne." Ranar na rubuta sunana.

Kafin a fara ajin ya yi kusan wata guda yana zaɓen manhajar da za mu yi koyo a kanta, wato wadda ke tafiyar da kwamfutar gaba ɗaya. Ya ce daga dangin Linux za mu ɗauka, domin kyauta ce kuma cikinta a buɗe yake, kowa yana iya duba yadda aka gina ta. Guda uku ya sauko da su, kowace da kayan gwaji a cikinta. Ɗaya tana da hoton wani dodo mai kama da maciji, ɗaya tana da hoton aku, ta ukun kuwa ban ma riƙe kamanninta ba, domin kusan komai a cikinta sai ka rubuta umarni. Samarin ajin mai dodo suke so, wai ita suke gani a bidiyo. Malam ya ce ba ta da laifi, ƙwararru da ita suke aiki, amma shi ba ƙwararru aka ba shi ba.

Yadda ya yanke hukunci shi ne abin da ba zan manta ba. Ya zaunar da ni, ni da na fi kowa tsufa da tsoro a ajin, gaban kowace ɗaya, bai nuna mini yadda ake yi ba. Ya ce in nemo takarda, in buɗe ta, in rufe, in kashe kwamfutar. Shi kuma ya koma gefe yana ɓare gyaɗa. Ya gaya wa samarin, "Wanda Malama ta iya kashewa ba ta cire waya daga bango ba, shi za mu ɗauka." Aka yi dariya, har da ni. Mai aku ce na iya, kuma ita ce ya ga ta fi sauƙi a kan tsofaffin injinanmu. Da wani ya yi gunaguni cewa ta 'yan koyo ce, Malam ya tambaye shi shi wane ne in ba ɗan koyo ba.

Ya ware kwamfuta guda a lungu, ya raba ta da intanet, ya bar ƙofofinta a buɗe da gangan. Ita kaɗai aka yarda mu kai wa hari. Har ita ma ya rubuta mata takardar izini, ya sa hannu a matsayin mai ita, ya manna a gefenta. In na rikice sai ya ce, "Kwamfuta ba ya jin tsoron ki, ke ma kar ki ji tsoron shi." In lokacin azahar ya yi, shi ne mai duba agogo ya ce in je in yi salla, zai tsayar da darasi. Wannan mutumin ne aka ce yana koya wa 'ya'yan mutane damfara.

Ga yadda abin ya faru, kuma zan faɗe shi yadda yake ko da ni ce zan ji kunya. Wata Laraba Malam ya tafi asibiti awon jini, ya bar mini makullin ɗakin. A cikin ajin akwai ɗan Alhaji, kuma Alhajin nan yayan mijina ne, ɗan kwamitin zauren. Ɗan nasa ba yaro ba ne, magidanci ne da 'ya'ya biyu. Ya zo da filas, ɗan abin adana bayanan kwamfuta, a aljihu, ya ɗora mai dodo a kan ɗaya daga cikin kwamfutocin. Na ce masa Malam ya hana. Ya ce, "Anti, ki bar wannan, aku ai na tsofaffi ne." Sannan ya shiga gwada intanet ɗin mai kemis da ke maƙwabtaka da mu, ba izini ba komai, yana kiran mutane su zo su gani. Ban da shi, mu bakwai ne a ɗakin ranar.

Washegari Malam ya ji. Ya kai kansa wurin mai kemis ya ba shi haƙuri, ya taya shi sauya kalmar sirri, sannan ya sallami ɗan Alhaji daga ajin. Kwamfutar kuwa ya bar ta yadda take, ya ce sai ya nuna wa kwamiti kafin ya goge. Ɗan Alhaji ya riga shi zuwa. Ya gaya wa babansa cewa ɗakin ya zama makarantar 'yan yahu, masu damfarar intanet.

Ranar Asabar da yamma muna cikin darasi suka shigo, Alhaji da wani Elda na coci wanda shi ma ɗan kwamiti ne. Aka kai su kai tsaye gaban wannan kwamfutar. Elda ya ga dodo ya ja da baya, ya ce alamar ƙungiyar asiri ce. Alhaji ya ga baƙin allo da ƙananan rubutu ya ce ai ga yahun nan. A garin nan ba kullum ake samun mutanen nan biyu da baki ɗaya ba, amma a kan abin da dukansu ba su sani ba, nan take suka haɗu. Malam ya ɗauko fayil ɗin takardun izini. Ba wanda ya buɗe. Ya ce ba shi ya ɗora mai dodon ba, kuma ko da shi ne, hoto ba tsafi ba ne. Ya ce a tambayi ɗalibai.

Alhaji ya juyo gare ni, domin ni ce babba kuma ni ce ta gida. Ya ce, "Hajara, kin san wani abu a kan wannan?"

A gidanmu matar ƙane ba ta ɗaga ido ta kalli yayan miji, balle ta tona ɗansa a gaban maza. Haka na taso, haka na zauna shekara da shekaru. Na sunkuyar da kai, na ja mayafi. Ban ce na sani ba, ban ce ban sani ba. Alhaji ya ce, "To kun gani, ko ita ta yi shiru." Sauran ɗaliban suka ga babba ta yi shiru, su ma suka yi. Malam ya dube ni sau ɗaya, ya miƙa makulli.

Suka sa kwaɗo a ƙofar, suka manna takarda mai ɗauke da cikakken sunansa, cewa an dakatar da shi saboda koyar da damfarar intanet. Takardar tana nan har yau, a bakin titin da kowa ke bi zuwa kasuwa.

Ban ce su suka kashe shi ba. Ajali ne, kuma ina tsoron Allah a kan abin da ban sani ba. Amma na san abin da na gani a gidan makoki. Na ga mutanen da suka sa hannu a takardar nan sun zauna a kujerun gaba suna cewa Malam mutumin kirki ne, garin ya yi rashi. Yaushe suka gane haka? Daga inda suke zaune zuwa ƙofar da suka manna takardar, taku kaɗan ne. Wata huɗu yana rubuta musu wasiƙa yana neman a zauna a saurare shi, ana cewa sai 'yan kwamiti sun cika. Don mannawa an cika a yini ɗaya. Kuma mu ɗalibansa, da muka cika guruf ɗin waya da hotonsa da alamar kuka, ina bakinmu yake a wata huɗun nan? Nawa ma ina yake? Na kira abin da na yi kunya. Ba kunya ba ce, ɓoye shaida ce, kuma na san hukuncinta tun kafin in san menene kwamfuta.

Sau ɗaya muka haɗu bayan nan, wajen masu citta a kasuwa. Na so in ɓuya, ya riga ya gan ni. Ya gaishe ni, ya tambayi maigida da yara, sannan ya tambaya ko ina kwafe katin matan nan a filas duk Juma'a kamar yadda ya koya mini. Na ce ina yi. Ya ce madalla, ya wuce. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Da na je ta'aziyya, Mama Saratu ta ja ni ɗaki. Ta ce tun da aka manna takardar nan ya daina bin titin, sai ya zagaya ta baya ko da zai makara coci. Ta ce jikokinsa sun iya karatu, kuma ranar jana'iza motar gawa ta nan za ta bi zuwa Fadan Kagoma. Ta riƙe hannuna ta ce, "Malama, kar a wuce da shi takardan nan yana ƙofa."

Daga can ban koma gida ba, gidan Alhaji na wuce. Na durƙusa na gaishe shi yadda na saba, sannan na ɗaga kai. Na ce, "Yaya, ɗanka ne ya ɗora abin nan, a gabana, kuma na hana shi. Ranar da ka tambaye ni na sani." Ya tambaya ko mijina ya san na zo, na ce zai sani. Daga ƙarshe ya ce takarda ta kwamiti ce, ba zai cire ta a kan maganar mutum ɗaya da ta yi wata huɗu tana barci ba. In akwai wasu da suka gani, su zo zaman Alhamis su faɗa da bakinsu. Wata huɗun nan laifina ne. Gaskiya ya faɗa.

Malam Istifanus ya koma ga Ubangijin da ya halicce shi, wanda ya fi mu sanin bawansa, kuma rahamarSa ta fi abin da muke iya aunawa. Allah Ya ba shi hutu, kamar yadda mutanensa ke roƙa masa, Ya saka masa a kan ilimin da ya bayar da haƙurin da ya yi da mu. Allah Ya ba Mama Saratu da 'ya'ya da jikoki juriya, Ya tsare musu mutuncinsu, Ya zama gatansu. Ni kuma Allah Ya yafe mini shirun da na yi, tunda wanda zan roƙa a duniya ya tafi.

Jana'iza ranar Asabar ce, kwamiti kuma zai zauna Alhamis da ƙarfe huɗu a zauren. Ni zan je ko ni kaɗai ce. Ku shidan da kuka kasance a ɗakin ranar Larabar nan, kun san kanku. Don Allah kowa ya ba ni amsa kafin daren Laraba, zai zo ko ba zai zo ba.